Kwaɗon Da Ke Tsoron Ruwa

Litinin, da yamma

Kwaɗo ya mutu mini a hanya yau. Kwaɗo shi ne babur ɗin Maigida mai taya huɗu, shi ya raɗa masa sunan, wai ba rafin da zai gagare shi. To yau rafin farko ma ya gagare shi. Mun shiga lafiya, ruwan ko gwiwa bai kai ba, muka haye, ya ɗan taɓa tafiya, ya yi tari sau biyu kamar tsohon da ya ƙware da ruwa, ya yi shiru. Na danna sitata har yatsana ya yi ciwo. Ko gezau.

Daga nan zuwa lambu da sauran tafiya mai nisa, ga wani rafin a gaba, kuma ba zan bar Maigida wuni guda ba a halin da yake ciki. Dole na kira Bahago, ƙaninsa, mai garejin gyaran babura. Ya zo da a-kori-kurarsa ya loda mu, yana dariya. Ya ce, "Matar Yaya, shi ma Kwaɗo ya san ba maigidansa ba ne a kansa." Na ce ya ƙarasa da ni lambun a motar mana. Ya ce, "Haba, kin fi kowa sanin mota ba ta bin hanyar nan da damina." Gaskiyarsa ne, taɓon wurin sai Kwaɗo.

Abin da ya dame ni lemona ne. Kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Maigida, na yi wa ƙananan bishiyoyin aure, reshen lemo mai zaƙi a jikin mai tsami, na ɗaure kowanne da yankin tsohon koren ɗankwalina. Ɗaurin nan yana da lokacinsa. In ya wuce ba a kwance ba, reshen na yin kauri ƙyallen na shaƙe shi, aikin shekara ya tafi a banza. Lokacin ya yi tun makon jiya.

Ya ci abinci. Ya sha magani.

Talata, da hantsi

Bahago ya dawo da Kwaɗo a wanke tas. Haka yake, ko tsinke ba ya bari a inda ba wurinsa ba, garejinsa ya fi ɗakin wasu matan tsabta. Ya ce fulogi ne, ya sa sabo. Na ce, "In ya sake mutuwa kai zan hau." Ya ce, "Ni ai ba na shiga ruwa, sai dai ki goya ni." Muka yi dariya. Rabon da in yi dariya a gidan nan na manta.

Na kira Baba mai gadin lambu. Ya ce komai lafiya lau, ranki ya daɗe, lafiya lau. Na ce ya duba mini ɗaurin ko ya fara cin jikin reshen. Ya ce wayar ba ta ji sosai.

Laraba, bayan azahar

Ya sake mutuwa. Wuri ɗaya, tari iri ɗaya. Na zauna a kansa kamar wata sakara, masu wucewa da shanu suna mini sannu.

Bahago ya ce to kwayil ne.

Alhamis, da yamma

Kwayil ɗin ma ba shi ba ne.

Juma'a, da yamma

Yau na tambayi Maigida. Na daɗe ina gudun tambayarsa don kada ya tuna da ba zai iya hawa ba. Amma mutumin nan ya san Kwaɗo ciki da waje, damina nawa suka yi suna keta rafukan nan ko atishawa babur ɗin bai taɓa yi ba. Maganarsa ta fara dawowa, a hankali dai, gefe guda na bakin ne har yanzu. Na zauna a bakin gado na ce, "Maigida, me kake gani yake damunsa? Da ya taɓa ruwa sai ya mutu."

Ya kalli bango. Ya daɗe yana kallo har na zaci bai ji ba. Sannan ya ce, "Ruwa ne."

Ai na san ruwa ne. Ko akuya ta san ruwa ne.

Ban ja maganar ba. Da la'asar Yaya Babba, wansu, ya zo dubiya, shi da Bahago. Na kai musu ruwa, ina ɗaga labule suka yi tsit su ukun. Yaya Babba ya hau yabon labulen, labulen da ya shekara yana gani. Na fito. Maganar 'yan'uwa ce, ba ruwana. Na rubuta ba ruwana, amma hannuna bai yarda ba.

Ya ci abinci. Ya sha magani.

Asabar, bayan magariba

Yau na cire kunya na ɗauko akwatin kayan aikin Maigida. Shekara da shekaru ina riƙe masa tocila da sifana, in ban iya komai ba ai na iya kallo.

Na cire kujerar. Na buɗe akwatin iska, soson a bushe yake, ba alamar ruwa. Na zaro sandar baƙin mai, baƙi ne wuluk, bai yi farin nan kamar madara da Maigida yake cewa alamar ruwa ya shiga inji ba. Na cika hular fulogi da giris, na naɗe duk wata mahaɗar waya da salatif, na shafa gam a bakin akwatin iska. Sannan na tayar da shi na ɗauko bokiti ina sheƙa masa ruwa ta sama, ta gefe, ta kan fulogin. Yana ta gurnaninsa kamar wanka nake masa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Yau kuma babur ake wa wankan jego?" Na ci gaba da aikina, na haɗa gumi.

Na zauna a kan bokitin ina tunani. Ruwan rafi ba ta sama yake zuwa ba. Sai na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙarƙashinsa, ni da girmana. Nan na ga wasu siraran tiyo biyu sun sauko daga kafireta suna reto, bakinsu ya kusa taɓa ƙasa. Na ciko kofi da ruwa, injin na aiki, na tsoma bakinsu a ciki. Bai daɗe ba ya yi tari sau biyu ya mutu. Tarin nan dai da na sani.

Wallahi sai da na yi ihu ni kaɗai. Ashe ta nan kafiretar take shaƙar iska, in ruwa ya toshe su mai ba ya sauka. Kuma sai na tuna, duk farkon damina Maigida yakan ɗaga wasu tiyo ya ɗaure su a ƙarfen ƙarƙashin kujera, ni ina riƙe da tocila ina mita sauro na cizona. Na duba ƙarfen, ga shatin wurin nan, fentin ya goge. Wataƙila ɗaurin ne ya tsufa ya tsinke.

Na yago sauran koren ɗankwalin na ɗaure su can sama, da irin ɗaurin da nake wa lemo, zarge ɗaya, wanda in ka ja bakin sai ya warware. Ban iya wani ɗaurin ba.

Mamaki nake yadda Bahago bai gani ba. Gobe sai na tsokane shi har ya gudu.

Lahadi, da yamma

Na faɗa wa Maigida da murnata. Ya rufe ido. Na ɗauka gajiya ce.

Bahago ya zo na tare shi tun daga ƙofa. Na ce, "Bakanike, zo ka ga aikin da ya gagare ka." Ya leƙa, ya tafa hannu, ya ce, "Lallai matar Yaya, gobe ki zo gareji in ba ki kujerata." Amma dariyar ba ta kai idonsa ba, na ce a raina kishin sana'a ne. Ya ce bari ya ƙara mini iska a tayoyi tun da tafiyar da nisa. Lokacin maganin Maigida ya yi, na shiga ciki na bar shi.

Baba mai gadi bai ɗauki waya ba.

Litinin, bayan la'asar

An yi ruwa jiya, rafin ya ƙaru. Na tsaya a baki na duba, na ce Kwaɗo ya warke, mu je.

A tsakiya ya mutu.

Ba zan rubuta duka ba. Ruwan ya fara jan bayansa, na sauko don in riƙe shi, ƙafata ta zame a kan dutse. Na sha ruwa. Takalmina ɗaya ya tafi. Wasu masu kamun kifi ne suka jawo mu, ni da shi. Gwiwata ta fashe.

Bahago da ya zo ya ganni a jiƙe, fuskarsa ta canza, bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya ɗaure Kwaɗo a mota da igiya. Ya ce zai wuce da babur ɗin gareji. Na ce a'a, a sauke mini shi a gida, ban san ma dalilin da ya sa na ce haka ba. Haushi ne kawai.

Da na shiga ɗaki Maigida ya ga ƙafata. Ya miƙo hannunsa mai lafiyar ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfi. Tun ranar da ya faɗi bai riƙe ni haka ba. Ya ce, "Kar ki sake zuwa." Na kifa kaina a kan gadon na yi kuka, na ce ashe har yanzu akwai mai jin tsoron rasa ni.

Talata, da safe

Gwiwa ta kumbura. Ban leƙa ko inda Kwaɗo yake ba.

Laraba, da hantsi

Na cire kujerar don in ga inda na yi kuskure.

Tiyon biyu suna ƙasa suna reto, yadda na same su ranar farko. Na ce to ɗaurina ne ya warware, ruwa ya tafi da ƙyallen. Sai na ɗaga ido. Ƙyallen yana nan a jikin ƙarfen, ba komai a cikinsa, an naɗe shi tsaf an ƙulle. Ƙulli biyu, bakin ya kwanta ta hagu.

Ni aikina ɗauri ne. Na san ɗaurin kowa a gidan nan kamar yadda na san tafiyarsu. Ni ba na ƙulli biyu. Wannan ƙullin na gan shi a igiyar da aka ɗaure Kwaɗo a mota shekaranjiya, na gan shi a igiyar shanyar da aka ɗaura mini bara, na gan shi a ragon sunan ɗana na fari. Mutum ɗaya ne yake yin sa, don hannun da yake aiki da shi ke nan.

Da wani ne da ya jefar da ƙyallen, da har abada ina zargin kaina. Amma shi ba ya iya yar da abu a ƙasa. Ya kwance, ya saukar da tiyon, sannan hannunsa ya mayar da ƙyallen wurinsa ya gyara.

Na daɗe a tsugune. Yaron da na auri yayansa yana ɗan makaranta, na wanke masa kaya, na ɓoye masa laifi, na je nema masa aure. Ya bar ni na shiga rafi bayan an kwana ana ruwa.

Laraba, da yamma

Me ya sa?

Alhamis, bayan azahar

Ya zo dubiya da ledar ayaba. Ya ce, "Matar Yaya, ya ƙafar?" Na ce da sauƙi. Ya tsaya yana jiran tsokana, ban ba shi ba. Ya sha jinin jikinsa, ya shige wurin yayansa, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa.

Na so in faɗa wa Maigida abin da ƙaninsa ya yi. Na shiga da niyyar haka bayan ya tafi. Sai na tuna ranar Juma'a, da bangon da ya kalla. Mutumin da ya ɗaga tiyon nan da hannunsa damina bayan damina. Na tambaye shi, ya ce ruwa ne.

A'a. Ciwo ne ya taɓa masa tunani. Likita ma ya ce za a ga mantuwa.

Ya ci abinci. Ya sha magani. Ban iya kallonsa ba da nake ba shi.

Juma'a, da yamma

Na mayar da tiyon sama. Wannan karon da waya na ɗaure, na murɗe da filaya, na bi da salatif. Na sake gwajin kofi a inda bakinsu yake a da, ba abin da ruwan zai taɓa. Na mayar da kujera, na watsa masa ƙura don kada a ga an taɓa. Ni ce yau nake ɓoye abu a gidana kamar ɓarauniya.

Na ce wa ƙanwata ta zo gobe da sassafe ta zauna da Maigida, zan je a duba mini gwiwa. Ita ma ƙarya na yi mata.

Asabar, da yamma

Kwaɗo ya haye rafin farko bai yi ko tari ba. Ya haye na biyun, wanda ruwansa ya kai mini cinya a zaune. Ya bi taɓo yana watsa shi gefe da gefe. Ina tafe ina yi masa kirari, ina cewa yau kam ka cika sunanka.

Tun kafin kwanar ƙarshe na ga hasken ya yi yawa. Wurin nan inuwa ce, daga nesa kana hango duhun ganye. Yau sama kawai na gani.

Sun yanke su duka. Manyan da muka dasa shekarar da muka yi aure, da ƙananan da na yi wa aure bana. Kututture ne jere, sabon yanka, har yanzu suna ƙamshin lemo. An kakkafa turaku masu jan fenti, an ja igiya. Rassan an tara su tsibi guda a gefen rijiya.

Baba mai gadi ya fito daga rumfarsa, da ya ganni sai ya cire hula ya durƙusa. Na ce, "Baba, tashi. Yaushe?"

Ya ce, "An fara tun ranar da kika fara kirana, ranki ya daɗe. Jiya suka gama. An ce gidan kaji za a yi."

Na ce, "Wa ya ba su?"

Ya hau murza hular. Na ce ko Yaya Babba ne. Ya ce Yaya Babba ne ya kawo mutanen. Na ce, to zan faɗa wa Maigida yau ɗin nan. Sai tsohon ya fara hawaye. Ya ce, "Ranki ya daɗe, Maigida ne ya kira ni da kansa. Da ƙyar nake gane maganarsa. Ya ce kada in ɗauki wayarki sai an gama."

Na tafi wurin tsibin rassan. Ga koren ɗankwalina nan birjik a jikinsu, ganyen ya fara yaushi. Na zauna a ƙasa na jawo reshe ɗaya, na ja bakin ƙyallen, ya warware. Na duba mahaɗar. Ta haɗe sumul, fatar ta rufe, har sabon toho ya fito a sama.

Na jawo na biyu. Na jawo na uku. Abin da na zo yi ke nan, sai na yi shi. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata, Baba yana tsaye a bayana bai hana ni ba.

Duk sun kama. Ko ɗaya bai lalace ba.

A hanyar dawowa ma Kwaɗo bai mutu ba. A tsakiyar rafin farko na sassauta totur, ina so ya mutu in samu dalilin zama a wurin. Ya ƙi.

Lahadi, da hantsi

Bahago ya ga taɓon da ke jikin tayoyin tun daga ƙofa, jan taɓon da babu irinsa sai bayan rafi na biyu. Ya tsaya cak. Na fito masa da ƙyallen da ya ƙulla, na yanko shi ne da reza don kada ƙullin ya ɓaci. Na ajiye masa a tafin hannu.

Ya ce, "Matar Yaya, wallahi ba son raina ba ne. Yaya ne ya roƙe ni. Kin ga halin da ake ciki, kin ga kuɗin asibitin nan. Ya ce ba zai iya kallon idonki ya faɗa miki ba, ya ce in riƙe ki kwana kaɗan kawai. Na ɗauka in ya mutu sau ɗaya sau biyu za ki haƙura."

Na ce, "Ka taɓa ganin na haƙura da abu?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙyallen.

Na ce, "Na sha ruwa a rafin nan, Bahago."

Ya durƙusa a tsakar gida yana ba ni haƙuri. Na ce ya tashi, kuma daga yau ya daina ce mini matar Yaya da muryar wasa. Wasan ya ƙare.

Abin da ke cin raina ba bishiyoyin ba ne kaɗai. Da sun zaunar da ni sun ce ga abin da ake ciki, sai an sayar da lambun kafin Maigida ya tashi, wallahi da na yarda. Da na yi kukana, na je na yanko rassa masu kyau na dasa a bayan gida, na yi sallama da wurin. Mutumin da nake juya shi a kan gado, nake goge masa baki, shi zan hana wa lemo? Amma su uku suka zauna a ɗakina, a bayan labulena, suka yanke cewa babur ya fi ni sauƙin sha'ani.

Kuma ya riƙe hannuna. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Har yanzu ban san ko tsoron rafin yake ji mini ba, ko tsoron in haye shi.

Lahadi, bayan magariba

Na wanke ƙyallayen duka na shanya, sun cika igiya. Da suka bushe na ninke su na ɗora a faranti, gefen kwanon abincinsa da maganinsa, na kai masa. Ya kalle su. Ya san ɗankwalin, shi ya saya mini.

Bakinsa ya fara motsi. Na ce, "Sun kama, Maigida. Duka." Na ɗago kansa, na sa masa ƙwayar a baki, na ba shi ruwa, na goge masa haɓa kamar kullum.

Ya sha magani. Abincin yana nan a rufe, bai taɓa ba.